Fayif ɗin da Muka Binne Sau Biyu

'Yar uwa, idan kika murɗa famfo ruwa ya zubo fari tas, kin taɓa tunanin ta ina ya biyo kafin ya iso kofin ɗanki? Ni dai ban taɓa ba. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya, yawanci a ɗakin yara. Na yi wa iyaye mata faɗa a kan wanke hannu har muryata ta dushe. Amma sai da abu ya faɗo kan 'yata sannan na san cewa bututun da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa shi ma yana cikin maganar lafiya.

Inna, mahaifiyata, a ƙauye take, kuma ta ƙi dawowa birni. Duk wanda ya taso da zancen sai ta ce, "Awakin nawa fa, a falonku zan ɗaure su?" Shekarunta sun haura sittin, gwiwa ta fara gardama, rijiyar gidan kuwa tun watan Maris take ƙafewa. Jarka mai cin lita 20 nauyinta kilo 20 ne, ban da ita jarkar. 'Yan mata biyu da take riƙo kullum sai sun makara zuwa makaranta saboda ɗebo ruwa. Sai mu 'ya'yanta muka haɗa kuɗi, ni kwasar adashina na zuba gaba ɗaya, muka haƙa mata rijiyar burtsatse.

Masu auna ƙasa suka ce ruwan ba a cikin gida yake ba, yana can ƙarshen gona, kimanin mita 150 daga ƙofar gida. Har daɗi na ji, don na san ƙa'idar da ake koya mana: rijiya ta yi nisa da masai aƙalla mita 30. Aka zura sumo, aka kafa sola, aka ɗora tanki a kan ƙarfe. Ya rage a jawo ruwan zuwa tsakar gida.

A nan na yi sakaci. Kuɗi sun yi ƙasa, hutuna ya ƙare. Ina shiga mota na ce wa yayana, "Yaya, saura fayif kawai, ka sa a ƙarasa." Wannan "kawai" ɗin ita ta jawo mana komai.

Yaya ya samo wani mai aikin famfo. Shi ne ya ce masa, "Alhaji, fayif ai fayif ne. Ƙasa ce za ta rufe shi, wa zai gani?" Suka sayo mafi arha, ɗan siriri fari mara kauri. Daga baya muka gano irin wanda ake zura wayar lantarki ne a bango. Ramin da aka haƙa bai kai taƙi biyu ba. Kuma suka bi hanya mafi kusa: suka ratsa turbar da amalanke ke bi zuwa gona, suka biyo ta bayan katanga, dab da salga.

Ruwa ya zo. Inna ta rangaɗa guɗa, aka turo mana bidiyon ta WhatsApp, na kalla ina hawaye a wurin aiki. Wata shida ba wanda ya ce uffan.

Da dogon hutun watan Agusta na kwashi yara muka je. Damina ta zauna sosai, ko'ina kore. Kwananmu huɗu autata, 'yar shekara biyu, ta fara gudawa. Na haɗa mata ruwan gishiri da sukari, na ba ta ƙwayar zinc, kamar yadda nake gaya wa kowace uwa. Can cikin dare amai ya biyo, duk abin da na ɗura mata sai ya dawo. Na haska ta da fitilar waya: idanu sun faɗa, na ja fatar cikinta ta daɗe ba ta koma ba, tun magariba ba ta yi fitsari ba. Kin san abin da ya fi komai ciwo? Na san ma'anar kowace alama. Da asuba muka kama hanyar asibiti, tafiyar sa'a guda a cikin caɓi. Ni da nake samun jijiyar jaririn wata ɗaya, ranar hannuna rawa yake, sai wata 'yar uwar aiki ce ta karɓi allurar ta ce, "Sista, je ki zauna, yau ke uwa ce." Kwana uku muka yi. Allah ya taƙaita, ba kwalara ba ce, ta tashi.

Da muka koma, na tarar 'yan matan Inna su ma sun yi ta zawo, nasu da sauƙi. Ina tambaya game da abinci, game da randa, sai Inna ta ce, kamar ba komai ba, "Ai da safe in an buɗe famfon sai ya fara zubo da ja-ja. Sai mu bari ya wuce sannan mu tara."

Na zura takalmi na bi layin tun daga tanki. A kan turbar amalanke ƙasa ta yi laushi tana tsattsafo. Ƙafar amalanke ta murƙushe fayif ɗin. A bayan salga kuma, inda ruwan sama ya kwanta ya yi baƙi, na sa aka tona. Mahaɗar ta saki, yatsana har yana shiga.

Ga abin da nake so ki riƙe, don mutane da yawa ba su san shi ba. Muna ɗauka cewa idan fayif ya fashe, asarar ruwa ce kaɗai, yana fita waje. Haka ne, muddin yana cike kuma ruwan na da ƙarfi. Amma sola ba ta aiki da dare, da hadari ma ƙarfinta raguwa yake. Tanki ya ƙare, fayif ya zama wayam. To a lokacin duk ruwan da ke kwance a kansa sai ya samu ƙofa. In kuma wani ya buɗe famfo ragowar ruwan ya gangara, sai ya zuƙo na waje kamar yadda sirinji ke zuƙar magani idan na ja shi baya. Da safe ruwa mai kyau ya taho ya turo wannan ƙazantar zuwa bokitinki. Ja-jan da Inna ke bari ya wuce, laka ce ido ke gani. Ƙwayar cuta ba ta da launi.

Abin kunyar, an koya mana wannan a makaranta. A shekarar 1854 kwalara ta kashe sama da mutum 600 a wata unguwa a Landan. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida har ya gano cewa yawancinsu famfo ɗaya suke sha, aka cire hannun famfon. Daga baya aka tarar ramin ƙazanta ne a gefen rijiyar, tsakaninsu bai kai mita ɗaya ba. Na rubuta wannan a jarrabawa, na ci. A 2021 kuma da kwalara ta ɓarke a Najeriya, hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma mu nan Arewa muka fi jin jiki. Ina cikin waɗanda suka kwana a tsaye a wannan shekarar. Duk da haka na ce "fayif kawai".

Muka rufe layin, aka koma ɗebowa daga bakin tanki ana tafasawa. Bayan kaka, da aka kwashe amfanin gona, muka sake aikin daga farko. Wannan karon da ƙafata na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, tare da wani dattijo mai aikin famfo da aka haɗa ni da shi. Shi ya zama malamina.

Ya nuna mini cewa fayif ɗin roba mai tauri, wanda ake kira PVC, iri-iri ne, kuma daga nesa duk kama suke: akwai na wayar lantarki, akwai na magudanar ruwan datti, akwai mai kauri na ruwan sha wanda aka yi don ya jure matsi. Ya ce, "Hajiya, kada ki saurari bakin mai shago, karanta jikin fayif." Na kirki yana da rubutu a tsawonsa: sunan kamfani, faɗinsa, da ƙarfinsa. Idan kika ga PN10, yana nufin zai jure nauyin ruwan da ya gangaro daga tsayin kusan mita 100. PN16 ya fi shi. Wanda ba rubutu ko ɗaya, bar musu kayansu. Wanda ya daɗe a rana har launinsa ya koɗe, shi ma bar shi, don rana na busar da PVC ya riƙa karyewa. Na ƙarfe kuma tsatsa ke cin sa a ƙasa. Koren nan da ake narka bakinsa da inji a haɗa, ya fi dacewa da cikin gida.

Mu baƙi muka ɗauka, wanda ke zuwa a naɗe kamar gammo, mai ratsin shuɗi a jikinsa. HDPE ake ce masa. Dalilin dattijon ya gamsar da ni nan take. Sandar PVC kusan mita shida ce, ke nan a mita 150 sai an yi mahaɗa wajen ashirin da biyar da gam, kuma kowace mahaɗa wuri ne da wata rana zai iya saki. Baƙin kuwa naɗi ɗaya yana kai mita 100. Ga shi yana lanƙwasa, don haka ƙasar laka da ke kumbura da damina ta tsage da rani ba ta karya shi. Sai dai ki kula, akwai baƙin tiyo mara kauri na ban-ruwan lambu. Ba shi ba ne.

Sai faɗi. Mun ɗauki inci ɗaya maimakon rabin inci. Kada ki ce ninki biyu ne. Ƙofar inci ɗaya ta ninka ta rabin inci sau huɗu. Ni wannan ban sha wahalar ganewa ba, na san bambancin gudun ƙarin ruwa ta siririyar allura da ta babba. Tafiya in ta yi nisa a siririn fayif, ruwan ƙarfinsa ƙarewa yake a hanya, ya iso yana ɗiga.

Rigimar da muka yi da Yaya a kan rami ce. Na ce zurfi ƙafa biyu ko'ina, ƙafa uku a kan turbar amalanke, kuma a nan ɗin a zura shi cikin babban bututun ƙarfe. Na ce a kauce wa salga da aƙalla mita uku, ko da za a yi zagaye. Zagayen ya ƙara mana mita ashirin, ga kuɗin masu haƙa, ga na yashi. Ya ce, "Ke dai kin cika bin diddigi, gidan gwamna za a kai ruwan?" Ban ce masa komai ba, na buɗe waya na nuna masa hoton 'yarsa da allura a ka, inda aka samu jijiya da ƙyar. Ya kau da kai. Washegari shi ya biya kuɗin yashin. Ban ga laifinsa ba. Shi ma da farko sauƙi ya nema mana, kuma ni na bar masa aikin na tafi.

Aka tsince duwatsu daga ramin, aka shimfiɗa yashi, aka kwantar da fayif ɗin da ɗan sassauci, ba a ja shi ya miƙe ƙyam ba, saboda roba na miƙewa da zafi ta tsuke da sanyi. Masu haƙa suna ɗokin su rufe a sallame su, dattijon ya hana. Aka cika tanki, aka rufe famfunan gida, aka yi alama a inda ruwa ya tsaya, aka bar shi ya kwana a buɗe. Da safe muka bi layin muna shafa kowace mahaɗa da busasshen ƙyalle. Ɗaya ta jiƙe. Aka ƙara ɗaure ta. Da a ce an rufe jiya, da shi ke nan. Sannan aka zuba yashi a sama, aka jera fasassun bulo don duk mai haƙa nan gaba ya ci karo da su kafin ya kai ga fayif, aka rufe. Aka wanke tanki da layin da sinadarin kulorin, aka zubar har warin ya tafi. Aka sa makunni a gindin tanki, wani a bakin gida, don in wani wuri ya lalace a rufe shi kaɗai.

Na san za ki ce wannan aikin maza ne, kuma sau da yawa ba a ma shawartar mu. Amma wa ke wanke zanen yaro idan gudawa ta kama shi? Idan maigida zai ja ruwa, tambayoyi uku ba za su zama raini ba: wane irin fayif, zurfin nawa, ta ina zai bi. Ke da kike haya a birni ma, leƙa ƙofar gida. Unguwanni nawa ne fayif ke kwance tsamo-tsamo cikin kwata, an ɗaure fashewarsa da robar taya? In naku haka yake, ko kuma ruwan na sauya launi duk sanda aka kawo shi bayan an ɗauke, ki tafasa na sha har sai an gyara.

Kafin in taho na zana taswirar layin a takarda, na auna daga gindin darbejiya, daga kusurwar katanga, na ɗauki hotuna. Inna ta naɗe takardar a leda ta sa cikin adaka tare da takardun gona.

Da ƙaramar Sallah mun koma. Ina tsakar gida na ɗora tukunya zan tafasa wa auta ruwan sha, Inna ta tsaya tana kallo na.

"Ke da kika tsaya aka binne shi a gabanki?"

Na ce, "Inna, bar ni dai tukuna."

Ta yi dariya, ta miƙo mini murfin tukunyar.