Dagona a Zamanin da Ruwa ke Zuwa kan Kari

Duk wanda ya san Dagona a ƙarshen shekarun 1980 zai tuna cewa da hunturu ya kama, baƙi iri biyu ke sauka a wannan tafki na ƙasar Bade, kusa da Gashuwa. Na farko agwagin ruwa ne da suka ƙetaro Sahara daga Turai, suka tarar da 'yan gida, su kirinjijiya da dinya da zalɓe. Na biyu kuwa Turawa ne cikin Land Rover, kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya da ɗan littafi a hannu, tun da sassafe suna bakin ruwa suna ƙirga tsuntsaye. Yara su yi ta bin su, suna mamakin mutumin da zai taso daga Ingila ya zo kallon agwagwa ba don ya harbe ta ba.

A 1987 aka kafa shirin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru, da haɗin gwiwar ƙungiyoyin IUCN da RSPB da NCF ta nan gida. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, wanda ke shugabantar ƙungiyar WWF a lokacin, ya tako har Dagona. Shekarar 1991 kuma ta zo da abu biyu: an ƙirƙiro Jihar Yobe daga Borno, an kuma kafa Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Cadi, aka sa dausayin Bade da Nguru mai murabba'in kilomita 938 a cikinsa, tare da tuddan yashin Bulatura da ke Yusufari. Fata ya yi yawa. Ana ta lissafin masauki da hanya da kuɗin shiga, ana ganin yawon buɗe ido zai yi wa yankin abin da jirgin ƙasa ya yi wa Nguru tun 1930.

Sai dai fadamar nan ba kango aka same ta ba. Tun kaka da kakanni ita ke ciyar da mutane. Da ruwan Haɗeja da na Jama'are sun malalo a watan Agusta, manomi kan shiga gonar shinkafarsa a kwalekwale. In ruwa ya ja baya, a bi danshi da wake da alkama. Fulani su kwararo da shanu cin rani, masunta su cika kwanduna da banda, mata su saƙa tabarma da kabar goruba. Da doka ta zo ta ce ban da su, ban da kiwo, ban da sara a cikin gandu, mutumin da ya gaji koma daga ubansa sai ya wayi gari yana wasan ɓuya da malamin daji. A ganina nan aka fara kuskure: an ja wa mutane layi kafin a nuna musu rabonsu a cikin abin.

Babbar matsalar kuwa tana can sama, a Jihar Kano. Dam ɗin Tiga ya kama aiki a 1974, na Challawa ya biyo baya a 1992, suka tare ruwan da ke malalowa fadamar. Ambaliyar da kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekarar ruwa ta koma ƙasa da rabin haka a farkon shekarun 1990. Ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya hana magudanai bushewa da rani, kacala ta samu wurin zama. Ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, kwalekwale ba ya ratsa ta, tsuntsayen jan-baki na kwana a cikinta su tashi da safe su faɗa wa gero. Ta toshe magudanar Burum Gana, ruwa ya karkata zuwa magudanar Marma, gonakin wajen Nguru suka nutse alhali wasu garuruwan na kukan ƙishirwa.

Takardun yabo ba su daina zuwa ba: Tafkin Nguru da Marma sun zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar na muhimman dausayi na duniya a 2000, Dagona ta shiga a 2008. Baƙin dai sun yi ta raguwa, rikicin Boko Haram ya zo ya ƙarasa korar sauran. Kacalar kuwa mutanen ƙauyukan bakin Marma suka yi ta fama da ita, su yi gayya su shiga ruwa iya ƙirji da lauje da adda, suna buɗe wa ruwa hanya.