Tsohon Dinari Ba Ya Son Goga

A kasuwar tsofaffin sulallan zinariya, nauyi shi ne abu na ƙarshe da ake tambaya. Na daɗe ina faɗa wa 'ya'yana da jikokina haka, suna ɗauka rigimar tsufa ce. Dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fara bugawa a shekara ta 77 bayan hijira, wanda babu hoton kowa a jikinsa sai rubutu, giram 4.25 ne, wato miskali guda. Kai wa maƙeri irinsa, zai aza a sikeli, ya biya ka kuɗin giram huɗu da kwata, ya jefa a wuta. Amma a 2011 an yi gwanjon wani dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 a Landan, ya tashi fam miliyan 3.7, don an rubuta a kansa cewa daga ma'adinin Amirul Muminina da ke Hijaz ne, kuma irinsa da suka rage ba su da yawa.

Bayan ƙaranci sai lafiyar jikin sulen, kuma a nan mutane suka fi yi wa kansu ɓarna. Masu wannan harka suna da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa sama na sulen da bai taɓa yawo a hannun jama'a ba ne. Kamfanoni irin su PCGS da NGC kan duba, su ba da lamba, su rufe shi a gidan roba. Tsakanin 63 da 65 idon baƙo ba zai ga bambanci ba, aljihunsa ne zai ji.

Ga yadda ake duba shi. A riƙe shi ta gefe da yatsu biyu, a ƙarƙashin fitila, tabarma ko tsumma mai laushi na ƙasa ko da zai suɓuce. A karkata shi a hankali. Wanda ba a taɓa ba, hasken zai riƙa kewaya fuskarsa yana bin hannunka. Wanda aka goge kuwa, ko da gefen riga ne, sai ka ga siraran layuka sun jeru a madubin dubawa, kuma ba su fita har abada. Zinariya tana da taushi. Mai gogewa niyyarsa gyara, amma garin neman ƙiba ya samo rama.

Mu nan mun saba da sisin gwal a sadaki da kayan ado, kuma ba na ganin laifin uwar da ta huda nata ta rataya wa 'yarta. Nata ne, ado ta nufa. Sai dai ta sani, daga ranar da aka huda shi ko aka liƙa masa kunne, ya koma kuɗin sikeli. Da yawansu ma ba na asali ba ne, maƙera ne suka kwaikwayi na Ingila, wanda na gaskiyarsa giram 7.98 ne.

Tsufa ya kuma koya mini girmama takarda. A 1933 Amurka ta buga sulen dala 20 guda 445,500, sannan ta hana fitar da su, aka narkar da kusan duka. Ɗaya ya isa hannun Sarki Faruk na Masar da takardar izinin fita ta 1944. Takardar nan ta taimaka wajen halatta mallakar wanda aka sayar a 2021 kan dala miliyan 18.9. 'Yan uwansa da suka ɓulla babu hujja, gwamnati ƙwacewa ta yi.

Mai gaggawa ba ya daɗewa a wannan harka. Guda ɗaya mai lafiya ya fi goma masu tabo, kuma wanda ya ce maka sai yau ko a fasa, bar shi ya fasa.

Saboda haka, ɗana, in an raba gado ka tarar da tsohon sule a ƙasan adakar kakarka, kada ka wanke shi, kada ka sa masa haƙori. Naɗe shi shi kaɗai, ka rubuta wanda ya bar shi da inda ya samo, sannan ka nemi masani kafin ka nemi mai saye.