Daga Tambuwal Zuwa Kebbe: Wa Zai Ɗauki Hoton Abin da Ya Rage?

In ka tashi daga Sakkwato ka kama titin Jega, bayan tafiyar kusan kilomita 100 za ka iso Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna. Daga nan sai ka ratse ka yi kudu, ka nufi Kebbe. Kada mai karatu ya rikita Kebbe da Jihar Kebbi. Kebbe ƙaramar hukuma ce a ƙarshen Jihar Sakkwato, tana maƙwabtaka da Kebbi da Zamfara.

Da kaka na bi wannan hanya. An yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, ga kuka da gawo da tsamiya jefi-jefi cikin gonaki. Balbelu suna biye da shanu. Amma tun daga Tambuwal har na sauka, ban ga ko zomo ya gitta ba.

Da dare muna hira a ƙofar gidan mai masaukina, sai na ga yara sun yi cincirindo a kan waya guda. Na leƙa, ashe fim suke kallo na zakuna suna farautar ɓauna a gabashin Afirka. Na tambaye su wa ya taɓa ganin gauraka da idonsa. Shiru. Barewa fa? Sai wani ya ce ya san ta a karin magana, wadda ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wani dattijo, tsohon maharbi, yana gefe yana jinmu. Na ce, "Baba, ku a zamaninku fa?" Ya yi murmushi, ya shiga lissafa mini gada da gwanki da mugun dawa da zabin daji, da kurar da takan yi kuka a bayan gari. Sa'an nan ya aiki jikansa ya ɗauko masa wani abu a ɗaka. Kan burtu ne, irin wanda maharban ƙasar Hausa ke ɗaurawa a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su durƙusa suna tafiya suna sara ƙasa kamar tsuntsun, har su kusanci nama bai gudu ba. Ya ce rabonsa da ɗaura shi ya manta. Daji ya zama gona, itace ya tafi gawayi, sauran kurmin da ya rage kuwa rashin tsaro ya hana shigarsa.

Na daɗe ina juya wannan kan burtu a hannuna, gama aikin masu ɗaukar fim na namun daji bai bambanta da na maharbi sosai ba. Sukan kafa 'yar bukka kusa da mashaya, su shiga tun kafin asuba, su lura da inda iska ke kaɗawa don kada dabba ta ji ƙanshinsu. Mutum yakan yi makonni yana jira domin hoton da za a kalla cikin minti ɗaya. Yanzu har akwai ƙananan kyamarori da ake ɗaure wa bishiya, su ɗauki hoto da kansu in wani abu ya motsa, ko da tsakar dare ne. Haƙuri da sanin sawu da sanin iska, duk dattijon nan yana da su.

To, fim yana iya ceton dabba? A shekarar 1959 aka fitar da fim ɗin da wani Bajamushe, Bernhard Grzimek, da ɗansa Michael suka yi a Tanganyika, wadda yanzu ke cikin Tanzaniya, mai suna da ke nufin Serengeti ba za ta mutu ba. Sun yi ta shawagi da ƙaramin jirgin sama suna ƙirga garken namun daji. A watan Janairu na shekarar, jirgin Michael ya yi karo da ungulu ya faɗi, ya rasu yana da shekara 24. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 1960, ya kuma sa mutanen duniya suka san Serengeti, suka damu da ita.

Ba sai mun je nesa haka ba. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai a Jamhuriyar Nijar, akwai garke na ƙarshe na raƙuman dawan Afirka ta Yamma, waɗanda dā suke yawo tun daga Senegal har Tafkin Chadi. A 1996 saura 49 kacal. Aka hana harbinsu, aka taimaki ƙauyukan da ke zaune da su, hotunansu suka zaga duniya, baƙi suka riƙa zuwa kallo. Bayan shekara ashirin da 'yan kai sun haura 600, har a 2018 aka kwashi 8 aka kai Gadabeji. Ko da yake harin da aka kai wurin a 2020 ya kori baƙi, darasin yana nan. Waɗannan dabbobi a cikin gonakin gero da wake suke kiwo, tare da manoma irin na Kebbe, wani lokaci ma sukan yi musu ɓarna.

Me ya rage a Kebbe da za a ɗauka? Akwai shamuwa, mai zuwa gab da damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari ba mai taɓa ta. Akwai tsuntsayen fadama, dinya da kirinjijiya. Akwai ungulu, wadda dā ba a rasa ta a mahauta, amma tun 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa, saboda guba da cinikin sassan jikinta. In ta tafi, wa zai kwashe mushe? Akwai kuma tsofaffin maharba, waɗanda in suka kau, sunayen dazuzzuka da mashayu za su bi su.

Iyayenmu suna tuna majigi, motar da takan zo gari da dare, a kafa farin allo a fili, mai fassara yana bayani da Hausa a kan noma da tsabta. Irin wannan ake bukata: fim da Hausa, da tsuntsayen garin, da muryar dattawan garin, a nuna shi a filin makaranta. Wayar da ke hannun samarinmu ta isa a fara.

Littafin Farawa ya nuna mana aikin da aka fara ba mutum shi ne ya lura da gona, ya kuma raɗa wa dabbobi suna. Iyaye, ku gwada wannan a gida. Ku fita da yaranku da sassafe, ku nuna musu tsuntsaye biyar, ku faɗa musu sunan kowanne. In akwai tsoho a unguwa wanda ya san daji, ku kai su wurinsa, ku ɗauki maganarsa a waya tun yana da rai.

Da zan tafi, jikan dattijon ya rako ni tasha. Ya tambaye ni ko waya tana iya ɗaukar shamuwa daga nesa. Na ce ya nemi kakansa ya koya masa yadda ake matsawa kusa.