Takardar Harajin Hajiya

Na daɗe ina riƙe wa Mai Girma Sarkin Zango alƙalami a nan Kasoa, garin da sunansa ya samo asali daga kalmarmu ta kasuwa. A da ƙarar aure ce ta fi zuwa fada. Yau ta gida ce.

Makon jiya wata dattijuwa ta miƙo mini takardar harajin gida ta ce, "Malam, karanta mini." Marigayi maigidanta ya gina ɗakuna shida tun wurin yana daji. Yanzu waɗanda tsadar Ankara ta koro sun cika unguwar, benaye sun kewaye ta, dillalai suna sallama safe da yamma. Haraji ya hau, 'ya'ya kuma suna so a sayar a raba gado.

Jikina ya yi sanyi, domin mu ma haka muka sayar da gidan mahaifinmu a Nima. Kuɗin ya ƙare, yau haya nake zaune. Dokar haya ta 1963 ta taƙaita kuɗin gaba a wata shida, amma na shekara biyu ake nema a hannuna.

Na ce mata, "Hajiya, 'ya'yanki su haɗa kuɗi a biya, a adana rasit, a yi wa filin rajista a Hukumar Filaye."

Ta ce za ta tara su ranar Juma'a. Allah ya daidaita kansu, amin.