Yadda ake kashe kasuwar faifan gem na hannu ba tare da an ce uffan ba

1/ Jama'a, zare ne kan faifan gem na hannu da yadda kamfanoni ke son ganin bayansa. Ni nake riƙe wa ƙanina lissafin ɗan gidan gem ɗinsa a Lakwaya, don haka maganar ta taɓa aljihuna kai tsaye.

2/ Duk faifan da ke shagon nan babu wanda mu muka ɓare ledarsa. Wani yaro a Ingila ko Amurka ne ya saya sabo, ya buga ya gaji, ya sayar. Ya biyo kayan gwanjo har Kano, mu kuma muka hau motar Gwarzo muka je Sabon Gari muka ɗauko. Hannu na uku, wani ma na huɗu.

3/ A yi wa kamfanonin adalci, suna da hujja. Sun zuba miliyoyin daloli sun haɗa gem. Faifai ɗaya mutum biyar sun more shi, su kuwa kuɗin mutum ɗaya suka gani. Ribar sauran ta tafi wajen shaguna irin GameStop na Amurka, masu karɓa da arha su sayar kusa da farashin sabo.

4/ A 2010 EA ya fito da Online Pass. Sabon faifai na zuwa da lamba mai aiki sau ɗaya. In na hannu ka saya, sai ka biya dala 10 kafin ka buga da wasu ta intanet. A 2013 suka watsar da shi.

5/ A shekarar ne kuma Microsoft ya yi babbar katoɓara da Xbox One. Dole na'urar ta leƙa intanet sau ɗaya a kowace awa 24. Sayar da faifai sai ta shagon da aka amince da shi, in mai gem ɗin ya yarda. Kyauta ga aboki sau ɗaya tak, kuma sai ya yi kwana 30 a jerin abokanka.

6/ Ku kwatanta wannan da garin da sabis ke ɗaukewa da an haɗa hadari. Ka zuba mai a janareta, yara sun cika benci, na'ura ta ce sai ta gaisa da Amurka tukuna. Haba!

7/ Sony ya mayar da martani da ɗan gajeren bidiyo: Shuhei Yoshida ya miƙa wa Adam Boyes faifai hannu da hannu, wai ga yadda ake aron gem a PS4. Ga shi PS4 dala 399, Xbox One 499. Ranar 19 ga Yuni 2013 Microsoft ya janye dokokin.

8/ Ga inda nake ganin lissafin kamfanonin ya karkace. A ce sabon gem dala 70 ne, mai saye kuma ya san zai iya sayar da shi 30 bayan wata uku. A zuciyarsa 40 ya biya. Ka hana shi sayarwa, ka ƙara masa kuɗi ke nan, ko da ba ka taɓa farashi ba.

9/ Sai ya rage saye, ko ya zauna jiran ragi. Kuma da yawansu kuɗin tsohon faifai suke cikawa su sayi sabo. Wato ɗan abin da muka biya a Sabon Gari, ta bayan gida, yana cikin abin da ke ƙarfafa wa wancan yaron gwiwar sayen na bana.

10/ Mu kuma faɗuwar darajar ce abincinmu. Gem ɗin ƙwallo duk kaka ake sako sabo, na bara ya zube ƙasa warwas. A nan ne hannunmu yake kai wa.

11/ To abin da aka kasa yi da tsawa, an dawo ana yin sa a ruwan sanyi: cire ramin faifan gaba ɗaya. A 2020 PS5 ta zo kala biyu, mai faifai dala 499, marar faifai 399. Xbox Series S ba ta da rami. PS5 Pro ta 2024 ma haka, sai ka sayi abin karanta faifan daban.

12/ Wanda ya fi mana ciwo shi ne PES, wanda yaranmu suka fi so. A 2021 Konami ya mai da shi eFootball, sai dai ka sauke ta intanet. Wai kyauta ne, amma datar saukewa da ta sabuntawa wa zai biya?

13/ Ga mai gidan gem, faifai kadara ce, kamar akuyar da ke ɗaure a turke. Da janareta ta lalace mana, faifai biyu muka sayar muka biya mai gyara. Gem ɗin da ka saya ta akawun ba ya sayuwa, ba ya aruwa, ba ka jinginar da shi. Haya ce ka biya gaba ɗaya.

14/ Ƙari a kan haka, Najeriya ba ta cikin ƙasashen da shagon PlayStation ke yi wa rajista. Sai ka buɗe akawun da adireshin wata ƙasa, ka nemi katinsu na dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuwa, kowa ya san yadda dala ta yi tashin gwauron zabo.

15/ Sakamakon da nake gani daga Gwarzo har Kabo: ba wanda ya koma sayen sabo. An koma tsofaffin PS3 da PS4 da aka fasa wa tsaro, a kai su birni a zuba musu gem ashirin a ciki. Ban ce daidai ba ne. Amma faifan hannu aƙalla wani ya taɓa biyan kamfanin kuɗinsa. Wannan ko sisi.

16/ Yanzu ƙanina ya matsa sai mun tara kuɗin PS5, saboda shagon da ke gaba da namu ya fara ɗauke masa manyan yara. Na yarda, da sharaɗi ɗaya: mai ramin faifai za mu saya, ko da za mu ƙara wata uku muna tari.