Daga Makera Muka Samo Adon Kirsimati

Sanyin hunturu ya riga ya sauko sa'ad da muka tashi daga Katsina da sassafe, saura kwana goma Kirsimati. Hazo ya rufe gari, har direbanmu ya kunna fitila da rana tsaka. Muka bi hanyar Kurfi, muna wuce gonakin da aka gama girbe su, ga dammunan dawa a jingine, ga rumbuna an yi musu sabon jinka. Daga Katsina zuwa Dutsin-Ma wajen kilomita 60 ne. Kafin hantsi ya yi zafi muka hango duwatsun garin.

Dutsin-Ma gari ne mai tasowa. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a can a shekarar 2011, baƙi suka yawaita, ɗalibai da ma'aikata daga kowane sashe na ƙasa. Masu bi kuwa ba su da yawa, amma ba baƙi ba ne a ƙasar Katsina. Tun cikin shekarun 1930 ma'aikatan SIM suka fara jiyyar kutare a Babbar Ruga, daga baya aka buɗe tashoshin mishan a Matazu da Malumfashi. Jikokin waɗanda suka ba da gaskiya a lokacin suna nan, Hausa ce harshensu, da ita suke sujada.

Wata ƙaramar ekklesiya ce ta gayyace mu. Muka tarar da su a tsakiyar gardama, dattawa a benci ɗaya, matasa a wani, 'yan zumuntar mata kuma a kan tabarma. Maganar ita ce, da me za a ƙawata majami'a bana?

Matasa sun zo da shirinsu. Shugabansu, wani ɗalibin jami'a, ya nuna mana hotuna a wayarsa: itatuwa lulluɓe da dusar ƙanƙara, wani tsoho mai jar riga da farin gemu, barewa suna jan kekensa, da jariri fari fat mai jan gashi. Yana so a kai hoton Katsina a buga shi a babban ƙyalle, a sayo itacen roba da fitilu masu walƙiya. Ba mu ga laifinsa ba, gama ƙaunar ɗakin Ubangiji ce ta sa shi. Amma ma'aji ya buɗe littafinsa ya ce abin da ke cikin asusu ba zai kai ga abu biyu ba. In an buga ƙyalle, to, babu shinkafar da aka alkawarta wa gwauraye da iyalai uku da suka gudo daga ƙauyukansu. Kowa ya san wahalar da 'yan bindiga suka jawo wa wannan yanki cikin 'yan shekarun nan, ba su bar Musulmi ba, ba su bar Kirista ba.

Sai wani dattijo ya karɓi wayar ya duba da kyau, ya ce, "Ɗana, wannan ƙasar ina ce?" Yaron ya ce, "Baba, ƙasar Turawa ce." Dattijon ya ce, "To, shekara hamsin ke nan ina gaya wa 'yan'uwana na jini cewa ban bi addinin Bature ba, Mai Ceto na bi. Yanzu kana so ka rataya mini wannan a bakin hanya, duk mai wucewa ya ce ashe gaskiyarsu ce?"

Wuri ya yi tsit. Wani dattijon kuma ya ce shi a ganinsa kada a sa kome, bango fari ya isa, gama Fitowa sura 20 ta hana yin siffofi domin sujada. Uwar zumunta ce ta raba gardamar. Ta ce, "Baba, ai littafin nan da ka ambata, a sura 35 ya ba da labarin mata masu hikima da suka kaɗa zare, da Bezalel gwanin sana'a, suka ƙawata alfarwar Ubangiji da aikin hannunsu. Ƙanena yana noma a Makera. Ku ba ni matasa huɗu da rana guda, in abin da muka kawo bai yi ba, ku bar bangon fari." Aka yarda, mu kuma muka roƙa a tafi da mu.

Makera ƙauye ne cikin ƙasar Dutsin-Ma, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar. Mutanenta manoma ne da makiyaya. Wannan sashe yana da albarkar ruwa fiye da wurare da yawa na Katsina, gama a ƙasar Dutsin-Ma ne aka datse Kogin Karaduwa aka yi madatsar Zobe, wadda aka gama a 1983. Saboda haka ko da rani sai ka ga kore a fadamu, ana ban ruwan tumatir da albasa da tattasai. Muka tafi da hantsi, da sharaɗin mu juyo kafin la'asar, domin ba a son tafiyar yamma.

Maigidan ya tarye mu da fura. Da 'yar'uwarsa ta faɗa masa abin da ya kawo mu, ya yi dariya ya ce, "Yaya, in wannan ne, ai kun zo kasuwa, ku ɗiba." Muka zaga da shi. A bakin rumbu muka zaɓi zangarniyar dawa, ja da fara, da damin gero. A bayan gida ga zoɓo an shanya, ja wur. Ga auduga cikin buhu. Matar gida ta ba mu aron faya-fayai masu launi, da ƙore guda shida, da tabarmar kaba sabuwa. Aka kwance zana biyu daga shinge. Aka ba mu damin kara da ƙunshin harawa.

A tsakiyar gona kuwa ga wani babban gawo, kore shar, alhali sauran itatuwa sun fara kaɗe ganye. A gindinsa muka zauna muka yi wa matasan bayanin itacen Kirsimati. A Jamus al'adar ta yi ƙarfi. Can, in sanyi ya yi tsanani, itatuwa sukan zama kamar matattu, sai wani iri mai ganye kamar allura ne yake zama kore. Shi ne suke sarowa su kai ɗaki, ya zama musu alamar rai a lokacin mutuwa. Daga Jamus ta shiga Ingila, ta bazu cikin shekarun 1840, sa'an nan ta bi duniya. Muka ce, to, ku ɗaga kai. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ya tofo da rani, lokacin da ƙasa ta bushe, dabbobi suna neman abin ci da inuwa. Abin da wancan itace yake faɗa wa Bajamushe, shi gawo yake faɗa wa Bahaushe. Ɗalibin nan ya yi shiru, can ya ce, "Kullum ina wuce shi, ban taɓa lura ba." Aka sare ƙananan rassa kaɗan, a hankali saboda ƙaya.

Sunan ƙauyen ya tuna mana da maƙera, sai muka tambaya ko akwai maƙeri kusa. Aka kai mu wurin wani, Musulmi ne, yana gyaran lauje. Muka ba shi babban gwangwani muka ce ya yanka mana tauraro, ya huhhuda shi yadda haske zai fita. Ya tambaya, "Malam, na mene ne?" Muka ce na bikin haihuwar Isa Almasihu ne. Ya ce, "Ɗan Maryama? To, bari in yi muku mai kyau." Ya zauna ya yi shi da natsuwa, har ya ƙara masa maratayi. Da za mu biya, rabi ya karɓa. A lungun garken maigidanmu kuma muka ga tsohon komin da tumaki suke ci a ciki, an sassaƙa shi da itace, gefe guda ya tsage. Uwar zumunta ta ce shi ne babban abin da ta zo nema.

Kwana biyu aka yi ana aiki. Maza suka shafe bango da farar ƙasa. Aka kafa 'yar rumfa da kara da zana a gefen bagade, aka sa komin a ciki da harawa. Aka ɗaure zangarniyar dawa uku uku a kan ginshiƙai, aka jera faya-fayai a bango, aka zuba zoɓo da auduga cikin ƙore. Rassan gawo suka shiga tukunyar ƙasa. Tauraron maƙeri aka rataye shi bisa rumfar, aka sa fitila mai aiki da hasken rana a cikinsa. Ɗalibin nan, ashe gwanin rubutu ne. Ya dama shuni, ya rubuta aya daga Luka sura 2 a bango da manyan haruffa, yadda mai zaune a benci na ƙarshe zai karanta ba tare da ya miƙe ba.

Saura magana ɗaya: me za a sa cikin komin? Yara suka kawo 'yartsana. Dattijon nan ya ce sam, kada maƙwabta su leƙo su ce muna yi wa gunki sujada, kada kuma yaro ya ruɗe. Fasto ya goyi bayansa. Aka naɗe farin ƙyalle na saƙi aka ajiye a kan harawa, shi ke nan. Muka gaya musu ba su ne farko ba. A shekarar 1223, a wani ƙauyen Italiya mai suna Greccio, Faransis na Assisi ya shirya wa talakawa komi da ciyawa da sa da jaki, domin su gani da idonsu irin talaucin da Ubangiji ya zaɓa. A 1839 kuma, a Hambug, wani mai hidima, Johann Wichern, ya ɗauki tsohuwar ƙafar amalanke ya jera kyandir a kai, domin yaran talakawa da yake riƙo su riƙa ƙidaya kwanakin da suka rage. A nan gida ma, majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki da ke Wusasa, ta 1929, da ƙasa aka gina ta, ginin Hausa. Kowannensu abin da ke hannunsa ya ɗauka.

Ran Kirsimati da safe aka yi sujada, gama an daina taron dare. Majami'a ta cika, har waɗansu suka tsaya a taga. Aka buga ganga, mata suka yi waƙa, yaran makarantar Lahadi suka shigo da sanduna da mayafai kamar makiyaya, da ɗan rago na gaske wanda ya ƙi tafiya sai da aka ɗauke shi.

Bayan an tashi, muka ga wata mace tsaye gaban rumfar, da goyo a bayanta. Tana cikin iyalan da suka yi gudun hijira. Uwar zumunta ta matsa ta ce, "'Yata, lafiya?" Ta ce, "Mama, a irin wannan wuri na haifi yaron nan. A zauren mutane, bayan zana, ba ko tsumma sai da aka ba mu. Na sha jin labarin, amma a hoto kullum wurin yana da kyau, sai yau na ga irin nawa ne." Ɗalibin yana kusa, ya ji. Da yamma shi ne ya ɗauki kwanon awo yana raba shinkafa.

Ya ku masu karatu, ba mu ce hoto ko fitilar kanti zunubi ba ne. Ekklesiyar da take da hali ta yi. Amma kafin ku kashe baikon jama'a, ku yi wa kanku tambaya uku. Abin da za mu rataya, yana ba da labarin haihuwar Yesu ne ko wani labari dabam? Maƙwabcinmu in ya gani, zai ce Almasihu baƙo ne ko kuwa ya zo dominsa? Akwai wanda zai kwana da yunwa saboda adonmu? Sa'an nan ku fara shiri tun lokacin girbi. Ku keɓe zangarniya masu kyau, ku ba kowane ƙungiya aikinta, ku zaɓi aya guda gajeriya, ku rubuta ta da girma. Ku nisanta wuta daga kara da zana. In biki ya wuce, ku mayar da kayan aro, hatsin kuwa ku ba mabukata.

Washegari muka kama hanyar Kurfi zuwa gida. An mayar da komin Makera, tumaki suna ci a ciki kamar dā. Tauraron kuwa suka ce za su ajiye na baɗi. Ku riƙa tunawa da 'yan'uwa na Dutsin-Ma da Kurfi cikin addu'a, da maƙwabtansu duka, Allah ya ba ƙasar salama, waɗanda suka gudu su koma gonakinsu kafin damina.