Daga Magarya zuwa Dungas: tagar mota ma tana son kulawa

Wanda ya tashi daga Damagaram ya yi kudu, zai bi ta Dogo da Bande. Bayan kimanin kilomita 90 sai ya isa Magarya. Ƙasa ce ta jigawa da gawo. Ana noman hatsi da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. A fadamun Korama, wajen Bande da Waca, ana noman rake. In an wuce Magarya aka ci gaba kudu, sai Tinkim, sai iyakar Najeriya wajen Ɓaɓura.

Gabas da Magarya kuwa akwai Dungas. A da tana cikin gundumar Magarya. A shekarar 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, tare da Guci da Malawa da Dogo-Dogo. Daga can ƴan kasuwa da makiyaya ke gangarawa Maigatari, inda babbar kasuwar dabbobi ke ci ranar Alhamis.

Duk wannan kai da kawo, ƙananan motocin fasinja ne ke yin shi. An fi ganin Toyota Hiace, wadda aka fara ƙerawa a Japan a shekarar 1967. Ita ke ɗaukar mai zuwa kasuwa, da mai kai maras lafiya gidan likita, da ɗan cirani mai komawa gida.

Motar kaya da ta zama motar mutane

Da yawa daga cikin waɗannan motoci ba don mutane aka ƙera su ba. A ƙasashen Turai kaya suka ɗauka. Shekaru da yawa an riƙa sauke irinsu a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a koro su zuwa Nijar. Suna isowa jikinsu a rufe, ƙarfe ne zalla, ba kujera ba taga.

Sai mai walda ya kama aikinsa. Ya auna jikin motar, ya yanke ƙarfe, ya buɗe gurbin taga. Ya kafa benci. Ya ɗora shingen kaya a bisa. Daga nan a sa taga mai gilashi biyu, ɗaya na zamewa ta bayan ɗaya.

Gilashin yana tafiya ne cikin wani siririn kwari, sama da ƙasa. Cikin kwarin akwai roba ko wani ƙyalle mai laushi. A ƙarƙashinsa akwai ƴan ƙananan huji, don ruwan sama ya fita waje. A gefe akwai makama mai kulle taga. Ran da aka sa ta, yaro ƙarami ma yana iya tura ta da yatsa.

Abin da ke sa ta cije

Bayan shekara ɗaya ko biyu sai labari ya sake. A tashar Magarya ko ta Dungas za a ga taga da ta ƙi buɗuwa tun bara. Za a ga wata da ta ƙi rufuwa, an toshe ta da kwali ko buhu. Dalilai huɗu ne ke kawo haka.

Na farko ƙura. Iskar hunturu tana busawa wata da watanni. Hanyoyin ƙauyuka kuma rairayi ne. Ƙura ta cika kwari, ɓawon gyaɗa da tuƙar rake su bi bayanta.

Na biyu ruwa. In ƙura ta toshe hujin nan, ruwan damina ba ya samun mafita. Sai ya kwanta, ya gangara bakin ƙarfen da mai walda ya yanke. In ba a shafa wa wurin fenti ba, tsatsa ta kama. Tsatsa tana kumbura, ta matse taga.

Na uku rana. Zafin bazara yana busar da roba. Ta yi tauri, ta tsage, ta naɗe cikin kwari.

Na huɗu lodi. An yanke jikin mota, ƙarfinta ya ragu. Sai a ɗora buhunan wake da awaki a bisa, a bi gargada da gudu. Gurbin taga ya karkace, gilashi ya rasa hanyar wucewa.

Ba ƙaramin abu ba ne

Wani zai ce: mota tana tafiya, ina ruwan mutum da taga? To, a duba. A watan Afrilu da na Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a wannan yanki. Mutum 19 cikin mota, wani lokaci fiye da haka. Ga jarirai, ga tsofaffi, ga mata masu ciki. In mota ta kafe cikin rairayi kuma taga ta ƙi buɗuwa, jariri ne ke fara galabaita.

Akwai kuma maganar cuta. Tarin fuka da sanƙarau suna bin numfashi da tari, sun fi yaɗuwa inda mutane suka cunkushe ba iska. Mutanen Dungas sun san wannan ciwo. Daga watan Nuwamba na 2022 zuwa ƙarshen Janairu na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram. Mutum 18 suka rasu. Dungas ce ta fi kowace gunduma yawan waɗanda suka kamu. Allurar rigakafi ita ce babbar kariya, ba abin da zai maye gurbinta. Amma iska mai shiga da fita tana rage haɗari cikin taro.

Ga hayaƙin mota. Tsohuwar mota takan zuba hayaƙi ta ƙarƙashi, ya shigo ciki. Yana sa ciwon kai da jiri, har da suma.

Sai ranar haɗari, Allah ya kiyaye. Yawancin motocin nan ƙofar fasinja ɗaya gare su, a gefe. In mota ta kwanta a kan wannan gefe, taga ce ƙofa.

Taga da ta ƙi rufuwa ita ma masifa ce. Sanyin asuba da ƙura suna dukan yara. Ruwan sama yana jiƙa garin da aka sayo.

Yadda ake gyara

Aikin ba ya cin kuɗi. Tsohon buroshin haƙora, tsumma, guntun waya, ruwa, sabulu: kayan aikin ke nan.

A fara share kwarin yana busasshe. A kakkaɓe ƙura da buroshi, a hure ta. In an fara da ruwa, ƙura ta zama laka.

Bayan haka a wanke da ruwan sabulu, a goge da tsumma.

A nemo hujin ruwa, a zura waya a buɗe su. A zuba ruwa kaɗan a gani. In ya fito ta waje, hanya ta buɗe.

In wurin ya bushe, a goga busasshen sabulu ko kyandir a bakin gilashi da cikin kwari. A tura taga gaba da baya kamar sau goma. Wanda ya samu man feshi na silikon a kantin kayan mota, shi ya fi, don ba ya cin roba.

Kada a zuba baƙin mai, ko giris, ko man gyaɗa. Ranar farko taga za ta yi santsi. Amma mai yana kama rairayi, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa. Baƙin mai kuma yana kumbura roba, ya ruɓar da ita.

Kada a ɓamɓari gilashi da ƙarfe. Gilashin mota an gasa shi da wuta. Yana da ƙarfi a tsakiya, amma bakinsa ba ya son duka. In ya fashe, gaba ɗaya yake zubewa kamar tsakuwa. A tura shi da tafin hannu biyu, a hankali.

In ya fashe, kada a sa gilashin gida a gurbinsa. Na gida yana tsagewa dogo-dogo kamar wuƙa, yana yanka mutum.

In roba ta mutu, a sake ta. In tsatsa ta kama, a cire taga, a kankare, a shafa fenti. In gurbi ya karkace, wannan aikin mai walda ne. A lokacin hunturu a share kwari kowane mako. Kafin ruwan farko a duba hujin.

Kowa da nasa

A tasha akan ji wata tsohuwa ta ce wa yaron mota: "Ɗana, buɗe mini taga, jikana ba ya shan iska." Shi kuma ya ce: "Yi haƙuri Inna, ta daɗe da cijewa." Haƙuri ba ya buɗe taga. Mota takan yi awa biyu tana jiran cika. A cikin wannan zama yaron mota zai iya share tagogi duka.

Mai mota ya tuna, sabulu ya fi sabon gilashi araha. Direba ya rage lodin bisa. Shugabannin tasha, da suke duba layi da kuɗin mota, su riƙa duba tagogi. Fasinja kuma kada ya zuba ɓawo cikin kwari. Kafin ya zauna ya gwada tagar da ke kusa da shi. In ta ƙi, ya gaya wa direba cikin ladabi, tun mota ba ta tashi ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa direban garinsu wannan labari. Allah ya kai kowa gida lafiya.